Yadda Muka Bi Sawun Tsohon Shagon Bosho A Dakoro Don Biyan Bashin Shekara 40

Masu iya magana na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Duk wanda ya taɓa zama a rumfar kasuwa, ko ya ɗora tire a ka ya fita talla, ya san gaskiyar wannan magana, domin kasuwa ba ta tafiya sai da "ɗauki ka kawo". Sai dai akwai bashin da mai shi ke mutuwa ya bari, ya zama kaya a wuyan ƴaƴansa, kuma ba su san ƙofar da za su kai shi su sauke ba. Irin wannan ne ya sa muka shafe kusan mako uku muna zarya tsakanin kasuwar Dakoro, da unguwanninta, da wani ƙauye na yankin Kornaka, muna neman shagon da babu shi a yau.

Saƙon da ya zo daga Kano

Wata Hajiya ce, ƴar kasuwa mai saida kayan yara a Ƙofar Wambai ta birnin Kano, ta aiko da saƙon murya zuwa ga shirin da muke gabatarwa a rediyo. Ta ce mahaifinta mutumin wani ƙauye ne na arewacin Dakoro, ya bar gida a ƙarshen 1984, lokacin yunwar da mutanen jihar Maraɗi ke kira El Buhari, ya bi ta hanyar daji da iyalinsa ya shiga Najeriya, kuma bai sake dawowa ba har Allah Ya yi masa rasuwa.

A cewarta, kwana biyu kafin ya cika ya kira ta, ya ce akwai bashin dila biyu ta bosho a kansa, kuɗinsu jika 60, wanda ya ɗauka a wani shago a Dakoro a sanyin farkon 1984. Bai san cikakken sunan mai shagon ba, laƙabinsa kawai ya sani, kamar yadda aka saba a kasuwa. Kwatancen da ya ba ta shi ne: shagon ƙasa mai ƙofar kwano, a gindin wata babbar aduwa, kusa da inda motocin Maraɗi ke lodi, kuma akwai tela a bakin ƙofa. Ya ƙara mata da wata alama guda, wadda muka roƙe ta kada ta faɗa wa kowa, mu ma muka riƙe ta a cikinmu.

Hajiyar ta ce wata bakwai ke nan da rasuwar, amma ta hana a raba gado, domin malamai sun tabbatar mata cewa sai an fid da bashi da wasiyya kafin magada su taɓa komai, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i. Ƙannenta maza sun fara gunaguni, wasu ma na cewa ta fake da bashin da babu mai binsa ne don ta ci gaba da juya dukiyar. Ta ce mana: "Ni dai ku taimake ni in sauke wa tsohona wannan kaya, ko na samu barci."

Iyalan biyu ba su ba mu izinin buga sunayensu ba, don haka mai karatu zai yi mana haƙuri.

Yadda bosho ya shigo kasuwanninmu

Kafin mu shiga labarin neman, yana da kyau mai karatu ya san irin sana'ar da ake magana a kai. Abin da muke kira bosho a Nijar shi ne maƙwabtanmu na Kano da Katsina ke kira gwanjo, mutanen kudancin Najeriya kuma su ce okirika. Tufafi ne da mutanen Turai da Amurka suka sa suka gaji, suka bai wa ƙungiyoyin agaji ko suka zuba a akwatunan tara kaya. Ƙungiyoyin na saida mafi yawansu ga kamfanoni, su kuma su tantance, su ware riguna daban, wanduna daban, barguna daban, sannan inji ya matse su a ɗaure da ƙarfe. Dilar da ta fi yawo a kasuwanninmu ita ce mai kilo 45 zuwa 55. A ƴan shekarun nan ƙasar Sin ma ta shiga sahun manyan masu fid da irin wannan kaya, ana kuma tantance wasu a Dubai da Pakistan kafin su iso Afirka.

Da yake Nijar ba ta da teku, kayan na sauka ne a tashoshin jiragen ruwa na Kwatano da Lome, inda ƴan kasuwa ƴan ƙabilar Ibo suka daɗe da riƙe wannan harka a kasuwar Misebo ta Kwatano da ta Hejiranawe a Lome. Kafin a rufe iyaka a 2023, daga Kwatano manyan motoci kan haura zuwa Malanbil, su tsallaka gada zuwa Gaya, su bi ta Doso da Ƙonni su iso Maraɗi. Tun cikin shekarun 1970 Najeriya ta haramta shigo da tsofaffin tufafi don kare masaƙunta, abin da ya mai da Maraɗi babbar mazauna ta kayan da ake wucewa da su. Alhazan birnin sun yi arziki da wannan fito na atamfa da taba da bosho ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya, har wani Bafaranshe mai bincike, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi a kansu a 1986.

Abin da bai tsallaka iyaka ba shi ne ke hawowa arewa. Dakoro, ko Dakwaro kamar yadda bakinmu ya saba, tana da nisan kimanin kilomita 120 daga Maraɗi. Turawan Faransa ne suka kafa bariki a nan a 1947, garin kuma ya zauna a tsakanin ƙasar noma da ƙasar kiwo, kusa da kwarin Tarka, inda Bahaushe da Bafillace da Buzu ke haɗuwa ranar kasuwa. Duk wanda ya taɓa kwana a dajin Barmo ko Gadabeji a watan Janairu ya san dalilin da ya sa kwat da suwaita da bargo ke da daraja a wurin makiyayi. Mai shago kan sari dila a Maraɗi, ya fasa wasu a shagonsa, wasu kuma ya bai wa ƴan koli bashi, su ɗora wa jaki su ci kasuwannin Sakabal da Birnin Lalle da Ajekoriya, in sun saida su kawo kuɗi. Mahaifin Hajiya ɗaya ne daga cikin irin waɗannan ƴan koli.

Sanarwa ta jawo magada har huɗu

Matakin farko da muka ɗauka shi ne na sanarwa a rediyo, safe da yamma, har kwana uku. Mun faɗi laƙabin mai shagon da kwatancen wurin, kuma a nan muka yi kuskuren farko, domin mun faɗa cewa bashi ne za a biya. Kafin mako ya zagayo mutum huɗu sun kira, kowanne na cewa shi ne ɗa ko jikan mai shagon. Ɗaya daga cikinsu, da muka tambaye shi kayan da mahaifin nasa ke saidawa, sai ya ce goro da gishiri. Wani kuma ya fara da tambayar ko nawa ne kuɗin, tun kafin ya gama sallama.

Ba mu ce dukansu maƙaryata ne ba, domin laƙabi irin na kasuwa ba na mutum ɗaya ba ne, kuma bincikenmu ya nuna aƙalla mutum biyu sun amsa wannan laƙabi a Dakoro a lokuta daban-daban. Amma da muka tambayi kowannensu ko mahaifinsa ya bar wata ajiya ta wani ɗan koli, babu wanda ya iya cewa komai. Daga nan muka dakatar da sanarwa, muka sa takalmi.

Mun fara da ma'aikatar gari, inda aka karɓe mu hannu biyu. An tuna mana cewa ƙananan hukumomi irin na yanzu sun fara aiki ne bayan zaɓen watan Yulin 2004, kuma tikitin da ake yanka wa ɗan kasuwa ranar kasuwa ba ya ɗauke da sunan kowa. Ko takardar fatanti ce aka samu, sunan yanka ake rubutawa a kanta, mu kuwa laƙabi kawai ke hannunmu. Wani ma'aikaci mai shekaru ya ba mu shawarar da ta fi takarda amfani, ya ce mu je mu zauna da tsofaffin kasuwa, kuma kada mu je da gaggawa.

Dattijai uku, wurare uku

Mun samu dattijo na farko a cikin dillalan dabbobi. Ya ce ya san mai shagon sarai, dogo ne mai ɗan gemu, ba ya rabuwa da carbi. Ya kama hannunmu ya kai mu wani lungu ya nuna mana bango, ya ce nan ne. Dattijo na biyu, tsohon ɗan kamasho, da muka faɗa masa inda aka kai mu sai ya yi dariya, ya ce ai wancan wurin a lokacin fili ne da ake ɗaure jakuna. Shi ma ya kai mu nasa wurin. Na uku, wani tsohon mahauci, ya rantse cewa su biyun duk sun ɓata.

Da muka zauna muka auna maganganunsu, sai muka gano cewa babu wanda ya yi mana ƙarya. Kowannensu na kwatance ne da wurin lodin motocin Maraɗi, shi kuwa wurin lodi a wancan zamani yana bin inuwa ne da inda ɗan kamasho ya ajiye bencinsa. Wanda ya tuna 1978 daban, wanda ya tuna 1990 daban. Aduwar da muke taƙama da ita kuma babu wanda ya ga ƙwayarta, ga gine-ginen siminti sun maye na ƙasa, ga kwantenoni da rumfunan kwano sun toshe lungunan da aka sani.

Mu da ba a haife mu ba a 1984, a ranar muka san cewa gari na canza kama a idon mazauninsa ba tare da ya lura ba. Muka koma gida da ƙura har gwiwa, ba mu da abin da za mu faɗa wa Hajiya sai haƙuri.

Mai fura ce ta warware

Ranar kasuwa ta biyu, ƙishirwa ta kai mu rumfar wata mai fura. Muna jira ta dama mana, abokin tafiyarmu ya ambaci laƙabin, sai ta tsai da ludayi ta dube mu. Ta ce: "Ƴaƴana, wa kuke nema haka? Ai a ƙofar shagonsa na koyi talla."

Ta shaida mana cewa tana ƴar shekara goma sha ɗaya ko sha biyu mahaifiyarta ta fara aza mata ƙwaryar fura, kuma a gindin wannan aduwa take sauke ta kullum, saboda masu jiran a fasa dila ba sa rasa sayen fura. Ta ce ranar fasa dila kamar ranar suna ce: mata su kewaye, mai shago ya sa ƙarfe ya tsinke ɗaurin, kayan su kumburo, warin maganin da ake fesa musu ya cika wurin. Masu kuɗi su yi zaɓen farko, na bayansu su ɗauki abin da ya saura, ragowar kuma a kasa ta a tabarma ana kiran dala biyar-biyar. Ta ce rigar sanyinta ta farko a duniya shi ya ba ta kyauta, wata ja mai ɓallallen maɓalli.

Ita ba ta yi kwatance da mota ko itace ba. Ta ce in ka fito daga ƙaramin masallacin da ke nan har yau, ka juya wa gabas baya, shago na huɗu a hannun dama. Ta bar wa jikarta ƙwarya ta yi mana jagora. A wurin da ta tsaya, wani saurayi muka tarar a cikin shagon siminti yana cajin wayoyi da saida katin kira. Ta ce masa: "Ɗana, ɗaga min wannan benci." Da ya ɗaga, sai ga kututturen itace ya yi baƙi, an yanke shi daidai da ƙasa. Saurayin ya ce shekararsa shida a wurin yana tuntuɓe da shi, bai taɓa tambayar ko na mene ne ba.

Daga bakinta muka samu zare na biyu. Telan da ke bakin ƙofa, wanda aikinsa shi ne rage wa bosho tsawo da faɗi don ya dace da jikin mutanenmu, ya rasu, amma ɗansa na nan yana ɗinki a wata unguwa. Shi ne ya ba mu ƙarshen labarin shagon. Ya ce karyewar darajar sefa ta ranar 12 ga Janairun 1994 ce ta fara gurgunta mai shagon, domin kuɗin dila ya tashi, jarinsa kuma na hannun mutane. Ya ci gaba da lallaɓawa har yunwar 2005, shekarar da likitocin na-gari-na-kowa suka buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa a Dakoro. A wannan shekara babu mai zancen riga, kowa ta hatsi yake yi. Sai ya saida shagon, ya kwashe iyalinsa ya koma gonar gado a wani ƙauye na yankin Kornaka, inda ya rasu bayan ƴan shekaru.

Abin da ke cikin akwati

Mun hau kabu-kabu daga bakin kwalta muka shiga rairayi, muka isa ƙauyen bayan azahar. Mai gari ya haɗa mu da yaro ya kai mu gidan. Uwargidan marigayin na da rai, idonta ya yi rauni amma hankalinta garau. Wannan karon ba mu ambaci kuɗi ba. Bayan gaisuwa muka ce: "Inna, ko Baba ya bar ajiyar wani a hannunki?"

Ta yi shiru, sannan ta ce a shiga ɗakinta a jawo abin da ke ƙarƙashin gado. Aka fito da wani ƙaramin akwatin ƙarfe, fentinsa ya goge, da ɗan kwado a jikinsa. Ta ce na wani ɗan koli ne mai jaki, ya bar shi shekarar El Buhari ya ce zai dawo. Maigidanta ya hana a buɗe, ya ɗauko shi daga Dakoro tare da kayansu, kuma da zai rasu ya sake ja mata kunne a kansa. Ta ce sau biyu yara na son fasa shi, tana hana su.

Wannan ita ce alamar da muka ɓoye. Mahaifin Hajiya ya faɗa mata cewa ya bar akwati, ya kuma ba ta wani ɗan makulli da ke ɗaure a cikin layar guru. A nan tsakar gidan muka kira Kano, muka sa wayar a kunnen tsohuwa. Ba mu ji abin da Hajiya ta ce ba, mun dai ji tsohuwar na cewa: "Daina kuka ɗiyata, ubanki ba ɓarawo ba ne, mun sani."

Bayan kwana tara Hajiya ta iso tare da ƙaninta, wanda aka ce ya fi kowa matsa mata. A gaban mai gari da liman da ƴaƴan marigayin aka kawo akwatin. Makullin ya shiga, amma tsatsa ta hana shi juyawa ko da aka ɗiga masa mai, sai da aka kira maƙeri. A ciki akwai wata tsohuwar hula, da ƴar takarda da gara ta cinye rabinta, da damin takardun naira ɗaure da zare.

Dattawan wurin ba su buƙaci bayani ba. A ƙarshen watan Afrilun 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta canza launin takardun naira, ta ba da ƴan kwanaki kaɗan na musanya, ta kuma rufe iyakokin ƙasa, waɗanda ba a sake buɗewa ba sai a watan Maris na 1986. Duk wanda ke riƙe da naira a wajen Najeriya ya wayi gari da takardar banza. A kasuwannin dabbobi na arewacin Maraɗi kuwa, fatake daga Najeriya kan biya makiyaya da naira, su kuma makiyayan su sayi kwat da bargo da ita. Ga dukkan alamu mutumin ya saida kayansa, ya haɗa kuɗin, ya kawo su, amma kuɗin suka mutu a hannunsa. Daminar wannan shekara ta zo ba ruwa, jakin ya tafi, shi ma ya bi.

Ƙanin Hajiya ya daɗe yana juya takardun a hannunsa bai ce komai ba. Daga baya ya nemi gafarar yayarsa a gaban jama'a.

Nawa za a biya?

A nan wata sabuwar magana ta taso, wadda muke ganin ta shafi duk mai ba da bashi ko mai ɗauka. Ɗaya daga cikin ƴaƴan mai shagon, wanda shi ma bosho yake saidawa a kasuwannin ƙauye, ya ce dila biyu aka ɗauka, don haka kuɗin dila biyu na yau ya kamata a biya. Hujjarsa ita ce jika 60 ta 1984 ba ita ce ta yau ba. Kuma yana da gaskiya ta fuskar lissafi: a wancan lokaci sefa 50 ke daidai da faran ɗaya na Faransa, wato jika 60 faran 1,200 ce, amma daga Janairun 1994 ta koma faran 600, ban da tsadar rayuwar da ta biyo baya.

Liman ya tambaya ko an yanke farashi ranar da aka ɗauki kayan. Hajiya ta ce mahaifinta ya ce an yanke, uwargidan ma ta tabbatar cewa maigidanta ba ya ba da dila sai an yi ciniki. Sai liman ya bayyana cewa tunda ciniki ya faɗa, abin da ke wuyan mamaci kuɗi ne ba kaya ba, kuma abin da mafi yawan malamai suka tafi a kai shi ne a biya adadin da aka ambata, matuƙar kuɗin na nan ana ciniki da su. Ya ce mai bin bashi ba shi da ikon gindaya ƙari, amma in mai biya ya ƙara don kansa, ba tare da sharaɗi ba, wannan kyautatawa ce da addini ya yaba.

Hajiya ta ƙirga jika 60 ta ajiye a gaban liman, aka shaida cewa bashi ya sauka. Sannan ta ce daga aljihunta, ba daga dukiyar magada ba, za ta saro dila guda ta kayan sanyi a Maraɗi ta bai wa ɗan marigayin ya ƙara jari, ta kuma ba tsohuwa turmin atamfa da bargo, tukuicin riƙon amana. Uwargidan ta ce a raba jika 60 ɗin yadda shari'a ta ce, nata kason kuma a yi wa mamatan biyu sadaka da shi. Takardun nairar Hajiya ta tafi da su, ta ce za ta nuna wa jikoki.

Halin da sana'ar ke ciki

A hanyarmu ta dawowa mun tattauna da ɗan marigayin da wasu masu bosho na Dakoro. Sun ce abin da ya sami iyayensu a 1984 bai daina samun su ba, kama kawai yake canzawa. Najeriya ta sake rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, wanda aka ɗage a Fabrairun 2024, amma gadar Gaya ta ci gaba da zama a rufe a wannan shekara, kaya suka koma biyowa daga Lome ta Burkina Faso cikin ayarin motoci da rakiyar sojoji. Hanya ta ƙara tsawo, kuɗin dila ya ƙaru, mai saye kuma aljihunsa bai ƙaru ba.

Sun kuma koka da cewa dilar yanzu ba ta kai ta da ba, domin yadin ba shi da ƙwari, kuma sau da yawa mutum kan fasa ya tarar tarkace ya fi na kirki yawa. Ga sababbin kayan Sin masu araha na gogayya da su. Wannan kuka ba na Dakoro kaɗai ba ne. A kasuwar Kantamanto ta birnin Akara, wadda gobara ta cinye babban sashenta a farkon Janairun 2025, an daɗe ana kukan yawan kayan da ke ƙarewa a juji. Ruwanda kuwa ta tsawwala haraji a kan gwanjo a 2016, abin da ya sa Amurka ta janye mata rangwamen shigar da tufafi a 2018.

Duk da haka, muddin sanyi na sauka a kwarin Tarka, mai bosho ba zai rasa ciniki ba, kuma muddin ana ciniki, za a ci gaba da ɗaukar dila bashi.

Kira ga ƴan kasuwa

Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, amma a kasuwanninmu har yau in ka ce a rubuta sai a ce ba ka yarda da mutane ba. Da mahaifin Hajiya ya san sunan yankan mai shagon da na mahaifinsa da ƙauyensu na asali, da aikin mako uku ya zama na yini ɗaya. Da kuma mai furar nan ta riga mu gidan gaskiya, ko ba ta zo kasuwa a ranar ba, da har yanzu gado na nan a rataye, zumunci na lalacewa a Kano.

Don haka muke kira ga iyayenmu mata masu adashe da masu ba da kaya a saida a kawo, da ƴan uwanmu masu shaguna, da su sayi littafi ko na dala ashirin ne. A rubuta cikakken suna, da garin mutum, da ranar da aka ɗauka, da adadin kuɗi, da sunan shaida, da boko ko da ajami. Wadda ba ta iya rubutu ba ta sa ɗanta na lakwal ya rubuta mata, a kuma ɗauki hoton shafin a waya, tunda mun ga abin da gara ke yi wa takarda. Mai bashi a kansa ya faɗa wa iyalinsa tun yana da lafiya, kada ya jira ranar da harshe ya yi nauyi. Wanda kuma zai nemi masu bashin mamaci ta rediyo, ya koyi darasi daga kuskurenmu: kada ya ambaci kuɗi, kuma ya riƙe alama guda a cikinsa.

Labarin da ya iso mana daga Kano shi ne an raba gadon lafiya. Saurayin mai cajin waya kuma ya ce mana ya fasa kiran mai gatari da ya yi niyya, zai bar kututturen inda yake. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu kafin a sauke mu, amin.